Makullin Ruwa a Ƙarƙashin Akurkin Kajinka

Maigida, na gano shi! Ni kaɗai, da goyo a bayana!

Fitarka ke da wuya bututun banɗaki ya fashe, ruwa ya malale har ƙarƙashin gado. Na kira ka sau bakwai, ashe wayarka na kan tebur tana ta kuka. Sai da na zagaye gidan nan kaf, sannan na ga babban makullin ruwan a ƙarƙashin akurkin kajinka. Haba! Duk faɗin tsakar gida, nan ka ga damar ɗora akurkin? Na ture akurkin, na tone kashin kaji da hannuna, na murɗa jan ƙarfen dama har ruwa ya tsaya cak. Wai kai ne mai cewa ba aikin mata ba ne!

Katifa ta jiƙe sharkaf. Kajinka suna yawo, ban kama ko ɗaya ba.

Na tafi kai jaririya allura. Kada ka buɗe makullin sai mai gyaran famfo ya zo.

Ka gaya wa yayarka da ke saman bene ruwansu ma ya ɗauke. In faɗa za ta yi, ga ka nan.