Kwaɗo Biyu a Sarƙa Ɗaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Hannun maigidana ya haɗe, ko da yake har yanzu bai iya ɗaga fartanya da shi ba, bakinsa dai yana aiki yadda kika san shi. Gwaggo kuwa tana nan daram, kuma ita ce dalilin wannan takarda, don in ban amayar wa wani abin da ke cikina ba, zan fashe.

Kin san ƙofar ruwan nan da ke daidai kan iyaka, wadda ke juya ruwan magudana ko zuwa lambunanmu ko zuwa na mutanen ƙetare. Tun faɗan da aka yi a kanta bara, wanda a cikinsa aka karya wa maigidana hannu, ba mai gaishe da wani. Maza suka kafa kwamiti, suka yi zama tara, kuma abin da ya hana su gamawa shi ne wa zai fara sa hannu a takarda. Suna gardama, albasa na ƙonewa. Sai Gwaggo ta ɗauki sandarta ta nufi shingen iyaka. Jami'ai suka tambaye ta takardar wucewa, ta ce musu rabin garin can ita ta yanke musu cibiya lokacin tana ungozoma, in shaida suke so su je su duba cibiyoyin. Suka matsa mata ta wuce. Cikin mako biyu ta tara matan nan da na can a bakin ƙofar, aka yanke magana: kwana uku ruwa namu, kwana uku nasu. Za a ɗaure ƙarfen juyawa da sarƙa, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a nan ɗaya a can, yadda ba wadda za ta buɗe sai ɗayar na tsaye.

To Yaya, duk matan garin nan, wa Gwaggo ta rataya wa makulli a wuya? Ni! Na ce ina da lambu, ina da mai jinya, ta ce ai shi ya sa, wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Su kuma can suka zaɓi wata mai noman barkono da muke kira Mai Tabarau, wadda ƙaninta ne ya karya hannun. Ki ji fa. Duk kwana uku, ƙarfe bakwai na safe, sai na tsaya kafaɗa da kafaɗa da matar nan. Ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba, kullum an tsayar da ita a shinge, kuma sai ta gama goge tabarau kafin ta lalubo ramin makulli. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Ranar da aka ɗaura sarƙar sai ta gaza, ta kasa zagaye ƙarfen. Maimakon a kira maƙeri, Gwaggo ta rantse ba namijin da zai sa mana hannu a wannan aiki, a saƙala kwaɗona cikin na Mai Tabarau su cike giɓin. Mata arba'in muka tafa, ba wadda ta ga aibin hakan. Haka muka yi ta tafiya har watan jiya, da zazzaɓi ya kayar da ni kwana biyu daidai lokacin juya ruwa zuwa ƙetare. Dokarmu ta ce makulli ba ya canja hannu, Gwaggo kuma ta yi tafiya, sai ruwa ya ci gaba da zuwa wajenmu. Ba zan ɓoye miki ba, ban ji haushin hakan ba ko kaɗan. Da na tashi na je, ta yi mini sannu da jiki, muka juya.

Talatar makon jiya na gaji da jiranta, na ce bari in buɗe nawa in rage aiki. Ina murɗa makulli sai sarƙa ta zube ƙasa gaba ɗayanta. Ashe tunda kwaɗon a cikin juna suke, duk wanda aka buɗe sarƙa ta rabu. Wata uku muna gadin ƙofar da kowaccenmu za ta iya buɗewa ita kaɗai! In maza suka ji ba dariya kawai za su yi mana ba, kowa zai rantse an sace masa ruwa, sulhu ya rushe, albasata ta bi. Na mayar da sarƙar da sauri. Tana isowa na tare ta da zafi, na ce ta faɗa mini sau nawa ta saci ruwanmu. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ita tun makon farko ta gane. Ta ce kwana biyun da na yi a kwance ta zo duk safiya, ta zauna a kan wani dutse a bakin ƙofar da makulli a hannu har rana ta take, barkononta layi goma sha biyu ya bushe. Na ce me ya hana ta buɗewa, ruwan ai nasu ne? Ta ce in ta buɗe sau ɗaya, babu sarƙar da za ta sake riƙe ƙofar nan. Wallahi Yaya, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kai wa Gwaggo maganar, ko a jikinta. Ta ce ita haihuwa ta sani ba kwaɗo ba, in ja bakina in yi shiru. Don haushi na sayo doguwar sarƙa wurin maƙeri, tana nan ƙarƙashin gado, kullum ina cewa gobe zan kai ta.

Jiya ranar juyo ruwa wajenmu ce, ga zafin nan da ke dafa mutum a tsaye, albasata duk ta kwanta. Matar nan ta makara awa uku cur. Na zauna a kan dutsenta, makulli a tafin hannuna har ya yi gumi, ina jin ruwa na gudu zuwa ƙetare, ina zaginta a zuci ita da tabarau ɗinta da Gwaggo da ta jawo mini. Sau biyu ina miƙewa. Ban buɗe ba. Da ta iso tana haki ta dubi sarƙar, ta dube ni, ta tambayi hannun maigidana a karon farko, na ce da sauƙi.

Ki gaishe mini da maigidanki, da babbar 'yarki da jaririnta, da Auta. Gwaggo ta ce a gaishe ki, wai ki dawo gida akwai aikin da ta ajiye miki. Kada ki kuskura ki zo. Maganar kwaɗon nan kuma ta tsaya tsakaninmu, ko Kawu kada ya ji.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
wadda aka rataya wa makulli.