Wa Ke Tsayawa a Bayanki?

Yaya Vicky,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya mutanen Narayi? Ni lafiya lau, aiki na tafiya.

Na ga bidiyon bikin godiyar cocinmu. Ke ce a gaba kina rawa, kowa na kiran sunanki. Wallahi sai da na kife wayar. Uwa ɗaya ta haife mu, amma ke kika kwashe bakin duka.

A nan Leeds, da fasto ya ce kowa ya gaisa da na kusa da shi, sai in sulale banɗaki, ina jiyo dariyarsu. A gida bayanki nake laɓewa, ki gaisa mana mu biyu.

Kada Mama ta ji. Allah ya kiyaye ku. Amma gaya mini, wa ke tsayawa a bayanki yanzu?

Ƙanwarki,
Eunice