Ido Biyu da Hanci

Litinin, 3 ga Maris
Shekara biyu ke nan da likita ta ce min MS ne, garkuwar jikina ce ke cin jijiyoyina. Ƙafar hagu tana ja, yatsu suna tsami, amma yau kai shida na kitse. 'Yan uwa wai in rufe shago in huta. Su dai su huta.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙanwata Auta ta zo shago da rana, ta zauna kan benci shiru. Na hau tsokanarta, na ce ko mijin ya daina ba ki abinci ne kika rame haka? Cikin matan da ke jiran kitso ba wadda ta yi dariya. Ta ɗauki jakarta ta fice.

Da yamma Umma ta kira. Cikin Auta ya zube makon jiya, ashe zuwa shago ta yi don ta faɗa min. "Kina kallon fuskarta kika faɗi haka?" Ina kallo, Umma. Fuska kawai na gani, ido biyu da hanci.

Asabar, 15 ga Maris
Auta ba ta ɗaga wayata. Matar tela, da na shekara takwas ina yi wa kitso, ta koma shagon tsallake. Wai na koyi wulaƙanci. Allah raka taki gona.

Talata, 18 ga Maris
Asibiti. Likita ta jera min hotunan fuskoki ashirin, in faɗi mai fushi, mai tsoro, mai baƙin ciki. Bakwai na ci. Ta ce ciwon kan taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai karanta fuska ma. Na ce mata hotunan ne ba su fita da kyau ba. Ni da tun daga bakin ƙofa nake gane matar da ta yi faɗa da miji.

Laraba, 19 ga Maris
Ba zan bi gida-gida ina tallar ciwona don a tausaya min ba. Wanda ya ɗauke ni muguwa, shi ya sani.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na je gidan Auta. Hanya ce ta biyo da ni, ba wani abu ba. Ta buɗe ƙofa ta tsaya. Na duba, na sake dubawa, ban gane komai ba. Na ce, "Auta, yanzu ba na iya karanta fuska. Fushi kike yi ko kuka ke zuwa? Faɗa min da baki."

Ta ce, "Duka biyun, Yaya."

Na ce to, fara da fushin. Ta fara kuwa. Ban katse ta ba ko sau ɗaya.