Bokitin Farar Ƙasa

Inna,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Baba. Albishirinki! Kin tuna kogon bayan gonarmu, inda muke fakewa da awaki in ruwa ya tsuge? Na nuna wa malaminmu na jami'a hoton zanen da ke bangonsa, ya ce zai zo da masana su duba. Digirina kacokan a kan zanen nan ya rataya. Ku shirya tarbar baƙi.

'Yarki.

'Yar boko,

Mun ga takardarki, Allah ya yi miki albarka. Amma ke ko kunya ba kya ji? Manyan mutane za ki nuna wa bango duk jagwalgwalon yara, shanu marasa kan gado da shatin hannuwa? Ba da ni za a yi wannan abin kunya ba. Na sa babanki ya sayo farar ƙasa, zan shafe bangon tas kafin su iso.

Innarki.

Inna,

Ina gaisuwa. Don girman Allah kada ki taɓa bangon nan! Ba aikin yara ba ne, mutanen da ne suka zana tun ba a san rubutu ba. In kika shafe, babu mai dawo da shi. Ko abinci na kasa ci.

'Yarki.

'Yar boko,

Lafiya lau muke. Takardarki ta makara, ranar da ta iso har na shiga kogon da bokiti. Na dafa bango zan miƙe, sai hannuna ya faɗa cikin wani jan shati, cif-cif, har ƙaramin yatsan nan nawa mai lanƙwasa da kuke yi wa dariya. Na ajiye bokitin. Na ce wannan wata ce irina, ta bar alamar ta zo duniya. Ni wa da zan goge ta?

Baƙinki sun zo, sun yini suna aune-aune. Malaminki ya ce zanen ya yi shekaru dubbai, za a killace wurin, kuma da sunanki za a fara a rubutun. Babanki har da ƙwalla. Ni kuwa sai da na sa duk suka tuɓe takalma a bakin kogo.

Farar ƙasar ɗakinki na shafa wa. Ki ci abinci, ki zo ki gwada naki hannun.

Innarki.