Kafin Ruwan Bunsuru Ya Janye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga yayarka Safiyatu 'yar Malam Usmanu, a garin Isa, zuwa ga ƙanena Malam Sammani a birnin Zariya. Gaisuwa mai tarin yawa, da bege wanda ba shi misaltuwa. Allah shi sa takardar ga ta iske ka lafiya, kai da iyalinka da malaman da kake ɗaukar karatu gare su. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, dawa na biye. Baba Malam shina nan yadda ka samu labari: tun da ciwon nan ya kama mashi gefe guda ba shi magana, amma shina shan kunu, kuma in anka ambaci sunanka sai ya juyo da kai. Ni ko lafiyata lau, zama wuri ɗaya ne ba ni iyawa. Takardar ga ma na fara ta na tashi, na dawo na sake tashi, har tawada ta bushe a bakin alƙalami.

Ka san yadda Baba ya tsara ɗakunan ɗalibai a bayan gida, kai da ka yi shekaru kana uban ɗaki. Bai taɓa yarda mutum ya kwana da ɗan garinsu ba. In baƙo ya zo neman karatu, Bagobiri ne ko Bazamfare ko Bafillace, sai Baba ya tambaye shi garinsu, ya kai shi ɗakin da ba shi da kowa. Kowane ɗaki da ubansa, babban ɗalibi mai tada su sallar asuba, mai raba musu aikin gona da na itace, mai kwana kusa da wanda ba shi da lafiya. Kowane ɗaki kuma akushinsa guda. Ni da ke tuƙa tuwon nan na sha leƙowa in ga mai tsagar Gobir a kumatu da ɗan Isa suna wawar miya ɗaya, suna zagin juna da rowa. A lokacin mun ɗauka rigimar tsoho ce kawai.

To, da bazarar bana mahayan Gobir na Sabon Birni sunka faɗa wa masu shanu a hanyar Bafarawa. Sunka kora dabbobi, sunka kashe mutane, cikinsu har da ƙanen matar Yaya Lawwali. Ranar da anka kawo gawar, faɗa ya tashi a bayan gida, wani ya kifar da akushi ya ce ba shi ƙara ci da mai tsaga. Abin ya zo daidai da lokacin baibaya, an sauke jinkar ɗakuna, kayan kowa na waje. Yaya Lawwali, tunda shi ke riƙe da makaranta yanzu, sai ya ce ga dama ta samu, za shi raba su a huta. Ya tattara Gobirawa duka ya kai su ɗakin ƙarshe, can gindin darni, ya ce Bawa ne uban ɗakinsu. Na aika mashi, na je da kaina, na ce Yaya kada ka taɓa abin da Baba ya shirya. Ya ce in koma ga tukunyata. Ka san Yaya, in ya naɗa rawani ya yi magana, ko Baba sai ya yi da gaske kafin ya sauko da shi.

Gaskiya faɗa ya mutu, ba ni hana mashi wannan. Amma kafin gero ya kai gwiwa ɗakin ya samu suna. A bakin rijiya na fara jin sa, wata tana nuna wa wata da baki, wai ga ɗakin Gobirawa can. Sammani, shekara nawa mutanen nan suna gidanmu ba wanda ya san inda za shi nuna? Yanzu akuya ta ɓace, ɗakin Gobirawa. Hayaƙi ya tashi sun gasa gyaɗa, wai alama ce suke yi wa 'yan'uwansu na ƙetaren gulbi. Haba! Ranar nan da hantsi sai ga mai unguwa da wasu masu tsaron gari, sunka tsaya a ƙofar gida sunka ce a sallami Gobirawan. Bawa ka san shi, mutumin Gatawa, wanda kunka fara fiƙihu tare, yanzu har gemunsa ya yi furfura. Ya aiko mini ta bakin Saude mai taya ni girki, ya ce shi ba roƙo yake ba, tambaya ce: ina za su? A wanga gefe tsagar fuskarsu ta isa a ɗaure su a kai kasuwa kafin su kai gulbi. A wancan gefe kuma mutumin da ya shekara goma a Isa ɗan leƙen asiri ne. Ya ce in dai tafiyar ce, in ajiye mashi littattafansa kada ruwa ya taɓa su. Wallahi da na ji haka sai da na zauna a kan turmi.

Mai unguwa ya ce akwai hanya guda. In jinin Malam Usmanu ya yarda ya zama uban ɗakin, ya kwana cikinsu, ya ci akushinsu, duk abin da ya fito daga ɗakin a tambaye shi, to sai a bar su. Ya faɗi haka ne don ya tabbata ba mai yarda. Ina bayan zana ina ji. Yaya ya sunkuyar da kai, har wani ya yi dariya. Ka san halina, ba tun yau ba. Ban san lokacin da na shiga ɗakin autana Alhassan ba, na naɗe tabarmarsa, na ja mayafi, na ratsa ta gaban mazan nan na kai ta ɗakin na shimfiɗa kusa da ta Bawa. Na ce ga jikan Malam nan, in jini suke so. Alhassan na gona bai san abin da ake ciki ba. Kuma ka san mahayan Gobir ne sunka kashe ubansa. Da ya dawo anka gaya mashi, ya dube ni, to kawai ya ce, ya ɗauki butarsa ya nufi can. Da gardama ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Yanzu gari ya yi shiru, amma ba don zukata sun kwanta ba. Gulbin Bunsuru ne a cike, doki ba shi ƙetarawa. Ana gama yankan gero ruwa za shi janye, namu su fita, nasu su shigo, kamar kowace shekara. Ranar da anka sake kawo gawa garin ga ba wanda za shi tsaya neman mai unguwa. Sun san ɗakin, yana bakin darni, jinkarsa sabuwa ce kuma ta bushe. Alhassan ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya jawo wani Bazamfare ya zo ya ci tuwo da su, sauran sunka yi ta yi wa mutumin ba'a har bai koma ba. Shi yaro ne a idonsu, ni mace ce a idon Yaya. Kai kaɗai Yaya ke jin nauyi, don ya san karatunka ya wuce nasa, kuma manyan ɗalibai kai ka tada su sallah shekara da shekaru. Ka zo ka watsa ɗakin nan, ka gauraya su yadda Baba ya yi, kowa ya koma ci da wanda ba ɗan garinsu ba, har a rasa wurin nunawa. Kada ka aiko mini da addu'a a takarda, addu'a muna yi. Kada kuma ka ce saura littafi ɗaya ka sauke, tun kana ƙarami da saura kaɗan kake cin mutane. Nahawu ba shi gudu, za ka dawo ka iske shi. Fataken da za su ba ka takardar ga za su juyo da wuri, ka biyo su.

Ka gaishe mini da Habi, ka ce Allah shi sauke ta lafiya, da Kadijatu sarkin surutu, da maigidan da ya ba ku masauki. Inna Mairama na gaishe ka, Saude na gaishe ka, Bawa ya ce a gaishe ka da kyau. Yaya bai san na rubuto ba.

Sammani, ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa ba. Ni na kai tabarmar nan da hannuna, kuma ba ni iya ɗauko ta, don ranar da na ɗauko ta ranar za a kora mutanen nan bakin gulbi. In na bar ta kuma, ɗana na cikin ɗakin. Ka zo ka fid da mini shi ta hanyar da ba za ta ci ɗiyan mutane ba.

Allah shi kawo ka lafiya. Wassalam.

Yayarka,
Safiyatu