Tsamiyar da na nuna

Assalamu alaikum masu karanta wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma a bari in kai ƙarshe kafin a tsine mini.

Ni mutumin Gumel ne. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ya riƙe gidan gado mai soro da rijiya, ni ya tura ni bukka a bayan gari. Da na yi magana, sai ya ce a gaban jama'a: "Kai da ba ka da ɗa namiji, me za ka yi da soro?" Aka yi dariya. Wallahi har yau ina jin dariyar nan a kunnena.

Ana nan, zamanin da Nasara bai daɗe da zama ba, aka kawo makarantar boko. Wa yake son ba da ɗansa a lokacin? Sai aka yanka iyaka, aka ce daga makaranta zuwa tsamiya kowane gida zai ba da ɗa namiji. To, tsamiya biyu ce a unguwar, ta marina da ta mahauta, gidan yayana yana tsakaninsu. Ta marina ake nufi, na kuwa sani sarai. Amma malamin da aka aiko ya rubuta gidaje baƙo ne, ni aka ce in yi masa jagora. Na wuce ta marina ko kallonta ban yi ba, na kai shi ta mahauta na dafa ta.

Kafin kaka, gidajen da suka faɗa cikin iyakar sun zama kayan kawai. Masu 'ya'ya maza suna ta tashi, ba mai saye ko a kuɗin jaki. Yayana, mai maza huɗu, ya zo bukkata da ƙafarsa ya ce ni kaɗai ne gidan ba zai cutar ba, in taimaka in saya. Na ja masa rai kwana uku, sannan na ba shi abin da na ga dama. Ya kwashe iyalinsa zuwa wani ƙauye bayan Maigatari, bai sake miƙewa ba. Maƙwabta shida da ba su yi mini komai ba su ma sun tashi, wannan kam ina jin kunyarsa. Amma nasa? Daɗi na ji, ba zan yi ƙarya ba.

Yanzu mun tsufa, an ce yana kwance ba ya tashi. Ya aiko in je in yafe masa, wai Allah ne ya saka mini da tsamiyar nan. Abin da ya hana ni barci ke nan. Idan na faɗi gaskiya, 'ya'yansa za su karɓe gidan, garin kuma ya tofa mini yawu. Idan na yi shiru, zai mutu bai san hannuna ne ya dafa tsamiyar ba, ni kuwa so nake ya sani.

Jama'a, me zan yi?