Ni na yi allurar, Hajiya Sista ake zargi

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mani hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina da ɗan kemis a wani ƙauye kusa da Daudawa. Ban yi makarantar aikin lafiya ba. Ɗan abin da na sani na magani, Hajiya Sista ce ta koya mani, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, kuma tun ranar farko ta gargaɗe ni kada in kuskura in yi wa yaro allura.

Da daminar bana matar maƙwabcina ta kawo mani ɗiyarta Hauwa'u, 'yar shekara uku, jikinta zafi rau. Na ɗauko maganin sha, sai ta ce, "Likita, ba na sha na zo nema ba, ka yi mata allura, ita ka aiki. Kuma kada babanta ya ji, ya hana a kawo yara kemis." Kun san mutanenmu, in ba a soke su ba, ba su yarda an yi masu magani ba. Ni kuma wannan "Likita" da ake kirana ta daɗe da fasa mani kai, da wane baki zan ce ban iya ba? Yarinya na wutsil-wutsil, uwar ta danne ta a cinya, na soka a tsakiyar ɗuwawu, ƙasa da inda ya kamata. Ƙarar da ta ƙwalla har yau tana kunnena.

Zazzaɓi ya sauka, amma ƙafar hagu ta saki, janta take yi a ƙasa. Aka kai ta Funtua, likita ya ce allura ce ta taɓa jijiya. Uban ya ce ai ba a yi mata wata allura ba sai rigakafin ƙyanda da Sista ta yi a makon. Uwar ta sunkuyar da kai. Rigakafin nan fa a dantse aka yi shi, amma wa ya tsaya sauraro? Uban ya kai ƙara ƙaramar hukuma, aka dakatar da Sista, ranar Litinin kwamiti zai zauna a kanta. Matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran garin nan, har da nawa biyu, yanzu in ta wuce mata janye 'ya'yansu suke yi.

Uban yarinyar kuwa kullum yana kan benci a ƙofar shagona. Rannan ya ce mani, "Ni da na hana kemis, ashe da wurinka aka kawo ta da ƙahwa tata na nan." Na ce, "Allah ya ba ta lafiya," na shige ciki na yi kamar ina shirya kwalabe. Kunya ta kama ni, na ji na tsani kaina. In na yi magana za a rufe shagon, wataƙila a kama ni, ita ma uwar ban san abin da mijinta zai yi mata ba. In na yi shiru, Sista ta rasa aikinta da mutuncinta.

Jiya da hantsi sai ga Sista a shagon, ta rame. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Ɗana, tunda sun guje ni, wurinka za su riƙa kawo yaran. Ga lambata, duk wanda ya fi ƙarfinka ka kira ni in hwaɗa maka abin yi. Kai na yarda da kai."

Na karɓi takardar lambar, na kasa ko godiya. Saura kwana uku Litinin. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?